Arba'in da Huɗu

Ni ba malami ba ne, makullin ɗakin gwaji nake riƙewa.
Ni ke wanke kwalabe, in kunna murhu, in share bayan an tashi.
Ran Talata Malam Sabi'u ya aike ni Kurmi,
na sayo katantanwa rabin kwano,
na kirɓa ta a turmin ƙarfe har ta yi laushi.

Aka ɗora a sikeli, aka rubuta a allo,
aka juye a ɗan kasko, aka sakar mata wuta.
Wannan ta wuce wutar tuwo,
sai ta haura ɗari takwas
kafin dutse ya san da shi ake.
Ɗan ƙauri da farko, daga nan shiru.
Yara suka gaji da kallo, wasu har da hamma.

Da ta huce aka mayar kan sikeli.
Furera, mai zama a gaba, ta miƙe tsaye:
"Malam, an yi sata!"
Ido sittin suka juyo kaina,
mai makulli ai shi ake fara tambaya.

Malam ya yi dariya har alli ya faɗi a hannunsa.
Ya ce babu ɓarawo, iska ce ta fice.
Tun ranar da dodon koɗi ya gina ɗakinsa
ya ɗaure ta cikin bango,
yau zafi ya kwance ƙullin.
Cikin kowane ɗari, hamsin da shida ke saura,
arba'in da huɗu ta taga suke bi,
su wuce ta kan Goron Dutse ba sallama.

Sai ya ɗiga ruwa kan farin garin.
Ɗigo uku tak.
Abin da ke kwance lakadan kamar garin rogo
ya yi tsaki, ya kumbura, ya tashi da tururi,
kaskon ya fi ƙarfin hannu.

Na fita waje kamar zan ɗebo ruwa.

Wata bakwai Sa'ade ta yi a kwance.
Na san farashin kowace allura a Sabon Gari,
na san benci mai karyayyar ƙafa a bakin ɗakin mata.
Ranar da muka dawo daga Ɗandolo
mutane suka ce, kai, Tanimu akwai dangana.
Fari suka gani, suka ɗauka sanyi ne.
Babu wanda ya ɗora ni a sikeli.
Sai bayan sadakar arba'in
'yar maƙwabta ta leƙo da kofin da ta ara,
ta ce, "Inna ta ce an gode, a ba Sa'ade."
Ɗigo ɗaya ke nan.
Abin da na yi a tsakar gida ran nan,
ni da Allah da kaji.

Sauran garin ban zubar ba.
Na roƙi Malam, na ƙulla a leda,
na jiƙa a tsohon gwangwani ya kwana,
ran Asabar na shafe bangon ɗaki,
iya inda ya kai, daga ƙofa zuwa ƙusar da take rataye mayafi.

Malam ya ce farar ƙasa ba ta manta abin da ta rasa.
Tana kan bango tana zuƙo shi a hankali
daga numfashin masu zama a ɗakin,
har wata rana ta koma dutse.
Ban tambaye shi wata nawa ba.

Yanzu ina barin ƙofa a buɗe bayan magariba.
Jiya Mamuda mai gyaran rediyo ya shigo,
ya yi awa biyu yana zagin masu wutar lantarki,
ya shanye shayina, ya tafi da ashanata.
Da ya fita na goga yatsa a bango.
Har yanzu tana kama hannu,
amma kaɗan.