Abin da Rariya Ba Ta Tarewa

Da asuba teku ya ja da baya,
ya bar lakar Carril a shimfiɗe tana numfashi.
Inna Dosinda ta riga kowa shiga,
takalmin roba har cinya, manjagara a kafaɗa,
bokiti ɗaure a ƙugu yana bin ta kamar ɗan akuya.
Shekara arba'in da ɗaya tana tonon makankari a nan.
Ni na biyo sawunta da kwalabe goma sha biyu.

"Antía," in ji ta, "ruwan nan garau yake,
har bakin takalmina ana gani.
Me kuma kike nema?"

Inna, abin da nake nema ba shi da inuwa.
Ki tsaga silin gashinki gida dubu,
ki ɗauki ɗaya. To, kusan girmansa ke nan.
Azurfa ce, amma ba ta zobe ba:
wadda aka saƙa cikin safa don kashe warin ƙafa,
injin wanki ya ɗauraye ta,
kwata ta miƙa wa kogin Ulla.
Ga kuma farin garin man da baƙi ke shafawa
kada ranar Agusta ta toye musu kafaɗa.
Sun yi iyo, sun koma gida, sun bar mana shi.

Da dare na ɗiga ɗigo ɗaya a gilashi,
na sunkuya kan madubi.
Gari guda ne a ciki, da kasuwarsa.
Ga bakteriya, 'yan sharar laka,
masu dafa ruɓaɓɓen ganye ya koma abinci,
ba albashi, ba hutun Lahadi.
Azurfar da aka aika kashe wari
ba ta san ta bar safa ba.
Aikinta kawai take yi.

Gansakuka ta sha, korenta ya koɗe.
Wani ƙwaro mai ido ɗaya, bai kai ƙwayar gishiri ba,
ya ci gansakukar, hanjinsa ya cushe,
yana iyo a karkace kamar mai jin barci.
Na ƙirga ƙwan matarsa sau biyu
don ban yarda da na farko ba.
Jatan lande zai ci ƙwaron.
Kifi zai ci jatan lande.
Zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya, yana jiran rabonsa,
kowa na karɓar bashin da bai ci ba.

Makankari kuwa, baiwar Allah,
ba ya farauta, ba ya zaɓe.
Buɗe baki yake yi teku ya ratsa shi,
abin da ruwa ya ɓoye, shi ke ajiyewa.

Ran Asabar na shimfiɗa mata takarduna a tebur,
tsakanin tafarnuwa da burodi.
Ba ta duba ba. Ta ja ni bakin ruwa,
ta ɗora makankari ɗaya kan jiƙaƙƙen yashi.
"Da," in ji ta, "kafin in gama addu'ar Maryamu ɗaya
ya nutse, ko alamarsa babu.
Yanzu saurara."
Ta karanta ɗaya. Ta karanta biyu.
A tsakiyar ta uku ya fito da harshe,
ya soma tono, a gajiye.

Inna, ban tabbatar ba tukuna.
Ruwan ya ƙara ɗumi, damina ta rage masa gishiri,
masu laifi suna da yawa, kwalabena sha biyu ne kacal.

Ta ce, "Ruwa dai ba ya tsami banza."
Ta kakkaɓe hannu a zanen gabanta,
ta karɓi kwalba ɗaya daga jakata,
ta nufi can ciki, wajen da ban taɓa ɗiba ba,
inda ta ce tun bara
tsutsar laka ta daina barin tarin kashinta da safe.