Shaidar Rami

Kalma dubu uku suka ce, kada ta haura,
a kan haƙƙin 'yan asalin wuri a idon doka.
Alhamis, sha biyun dare, za a rufe gasa.
Kwana huɗu na yi a laburaren tsangayar shari'a
ina shaƙar tsofaffin hukunce-hukunce.
Na kwaso na ƙasashen da ban taɓa takawa ba,
mutanen tsibiri, mutanen ƙanƙara, mutanen kurmi,
na jera su tsaf kamar kwanuka a kabad.
Dakta Sagiru ya duba, ya zare tabarau:
"Zuwaira, ke daga sama kika faɗo?
Unguwarku ba ta da asali?"

Sai na tuna kududdufin bayan gidanmu.

Yau babu shi.
Wata biyu tifa na ɗura masa shara da ɓaraguzai,
aka daɓe, aka kafa allo,
aka yanka shaguna goma sha shida.
Damina ta zo neman masaukinta, ta rasa,
ta shigo mana ba sallama,
ta kwana a ɗakin Inna har gwiwa.

Na iske Baba Tanimu magini a dakalin masallaci
yana ɓare gyaɗa da yatsun da laka ta cinye wa farce.
Na kunna waya, na ce, "Baba, ramin nan na wane ne?"
Ya ce, "Namu."
Na ce, "Ina takarda?"
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Tashi ki dafa katangar nan.
Wannan jar ƙasar daga ina ta zo?
Soron Liman, ɗakin kakarki,
bangon da aka binne cibiyarki a gindinsa,
daga cikinsa aka ɗebo su, mangala mangala, a bayan jaki.
Kakana ya haƙa, ubana ya haƙa, ni ma na haƙa.
Unguwa na yin sama, shi yana yin ƙasa.
Zurfinsa tsayin gidajenmu ne.
In alƙali takarda yake so,
ya zo ya karanta bango."

Na dawo gida, an ɗauke wuta,
na jingina waya da kofi, na ci gaba.
Doka ta ce ƙasa amana ce a hannun hukuma.
Na ji. To rami fa?
Wa ke riƙe da amanar abin da aka kwashe?
Na bi sashe, na bi ƙaramin sashe,
ban ga inda ake yi wa rami rajista ba,
ban ga layin da ruwa zai sa hannu ba.

Can ƙasan shafi ƙa'idar gasa ta tare ni:
kowace magana a kawo madogararta,
sunan marubuci, shekara, lambar shafi.
Na daɗe ina kallon gurbin,
sauro na karanta mini nasa hukuncin a kunne.
Sannan na rubuta:
Tanimu, magini, dakalin masallaci, bayan la'asar.
Shekara: tun kafin a kawo famfo.
Shafi: bangon gabas, daidai kafaɗa.

Na tura, saura minti tara.

Ban sani ba ko alƙalan gasa za su ɗauka raini ne.
Kyautar ma in ta zo,
ba za ta sayi ƙofar shago ɗaya cikin sha shidan ba.

Da sassafe ya aiko jikansa Nafi'u,
wai an karɓi maganar?
Wai yaushe za a zo a tone?
Na ce, "Je ka ce ina zuwa."
Ga ni nan a soro, takalmi a hannu,
ina neman kalmar da ba ta cikin dubu ukun.
Hadari na haɗowa daga gabas.
A ciki, Inna ta fara ɗora katifa a kan tebur.