Ido a Saman Tanki

Shekara goma sha ɗaya na yi riƙe da sitiyari.
Fijo ce, fara, mun fidda kujerun baya,
Manu mai walda ya kewaye cikinta da ƙarafa kamar akurki,
na zana bakwai a ƙofa da ragowar fentin shagon yayana.
A filin bayan Liji, inda jar ƙasa ke maƙale wa haƙori,
ba mai ce mini Giɗaɗo.
Bakwai suke kira, in ɗaga hannu.

A lokacin na ɗauka tsere ƙafa ce:
taka totur, saki kuloci, hana birki magana.
Abin da ke gabana shi ne duniya,
na baya kuwa ya ji da kansa.

Sai wata Asabar a kwanar tsamiya
motar Hammayo ta ɓullo ta inda madubi bai kai ba.
Ban gan ta ba.
Ba kuma wanda ya gan mini ita.
Na tuna sama ta koma ƙasa sau biyu,
na tuna ruwan lagireto yana tafasa kusa da kunnena,
da wani yaro yana tsintar gilashi.
Likita ya ce, za ka yi tafiya, za ka yi salla,
amma wuyan nan ya gama waiwayen hagu.

Yanzu matakala talatin da biyu nake hawa
zuwa saman tankin ruwa,
oba-oba a hannu, madubin hangen nesa a ƙirji.
Ni da ba na waiwaye
ni ne ƙeyar Yila, ɗan Kaltungo,
wanda bai kai shekarun tsohuwar Fijona ba.

Daga nan sama motoci ba su da sauri.
Kamar buzuzu suke, kowa na tura rabonsa.
Ina ganin ramin da mutum zai faɗa
tun yana can yana jin daɗin giya ta huɗu.

An koya mini rowar magana.
Hagu, akwai mota.
Tana nan. Tana nan.
Ta wuce, hanya taka.
Da farko nakan so in ce masa, ba haka ake shiga kwana ba,
a zamaninmu...
sai na lura kunnen mai gudu ƙarami ne,
kalma uku ke shiga, ta huɗu kashe mutum take.

Makon jiya, zagaye na sha tara,
mota biyu suka sarƙe a tsamiyar nan tawa.
Hayaƙi ya toshe hanya kamar bango.
Yila na tafe, bakina ya bushe.
Na ce, bi dama, kada ka taka birki.
Shiga.
Ya shiga.
Daƙiƙa biyu ba ni da shi,
na ji tsohon ciwon ya motsa a wuyana,
sai ga hancin shuɗiyar motarsa ya huda hayaƙin,
cikakkiya, har da madubinta.

Na huɗu ya zo.
Kofi ya tafi gidan wani, tafi ya bi shi.
Kafin in gama sauko da gwiwoyina
an fara naɗe tabarmi, mai rake na ƙirga canji.
Yila ya tare ni a gindin tsani, hular kwano a hammata,
hannunsa na rawa.
Ya ce, Baba, wallahi ban ga komai ba.
Na ce, na sani.
Muka raba ruwan leda ɗaya.

Da dare Dudu ta ɗaga takalmina a hasken waya,
ta ce, shekara shida ba ka tuƙa ko amalanke ba,
me ke cinye maka na dama?
Na karɓa na duba.
Tafin ya suɗe daidai babban yatsa,
inda nake taka ƙarfen tanki
duk lokacin da yaron ya fito daga kwana.