Tsintar Tsakuwa

A Nima, kafin asalatu,
Inna Memuna kan baza wake a faifai
tana tsince tsakuwa ɗaya-ɗaya.

Ni ma, can saman bene a Osu,
tsinta nake.
Wani ya zana ƙwaƙwalwar na'ura,
ba ta kai farcen jariri ba,
aikina in ƙi yarda da ita.
Sau dubu ɗari na tambaye ta,
ta amsa daidai.
Daren Laraba, janareta na tari,
ta ce biyu da biyu biyar.

Na hau trotro ina murmushi ni kaɗai.

Inna ta ce: ba mai gode maka
kan tsakuwar da bai tauna ba.
Ci, kada ya huce.