Ƙaya Shida

Ruwa ya ja baya daga fadamar Auyo,
ya bar laka mai sawun shanu da na belbela.
Zulai ta tsuguna a bakin kwalbati,
ta ce, "Baba, wannan fa?"
Ni da na shekara arba'in ina taka wurin nan
na buɗe baki, na ce ciyawa.

Ba ta tashi ba.
"Tafasa ma ciyawa ce, amma da sunanta.
Malam ya ce mu kai fure ɗaya ran Litinin,
da sunansa rubuce a ƙasa."
Na sunkuya. Shunayya ne, bai fi farcen yatsa ba,
ya lafe a gaɓar kara kamar mai jin kunyar kowa.

Tanimu mai injin ban-ruwa ya ce balasana ce.
Amma balasana rarrafe take yi,
kunnuwanta biyu, shuɗi,
kuma kafin azahar ta rufe ido.
Wannan a tsaye take, ta kai ƙugun yarinya,
rana tsaka ba ta neman inuwa.

Wani makiyayi ya faɗi nasa sunan da Fillanci,
iska ta kwashe rabi, sauran ya bi shanu.
Barau masunci ya ce abin da ba ya kan ruwa
ba ya cikin lissafinsa,
a tambaye shi bado, ko kainuwa.

Sai na tuge guda, ta soke ni a yatsa,
muka kai wa Gwaggo Hansai
wadda yana ta rufe wa ido tun shekarar ambaliya.
Ta ce kar a gaya mata launi.
Ta murza karan:
"Kusurwa huɗu. Ga gashi kamar gemun bunsuru."
Ta bi gaɓa a hankali
yadda take tsince tsakuwa a shinkafa.
"Ɗaya, biyu, uku," har ƙaya shida.
"Zulai, ƙirga na gaɓar sama."
Shida.
"Ganyen fa?"
Shida, biyu sun fi saura tsawo.
"Buɗe bakin furen.
Leɓen sama ya tsage biyu, na ƙasa uku,
da ɗigon rawaya a maƙoshi?"
Yarinya ta ce haka ne.
Tsohuwa ta yi dariya, haƙori ɗaya ya leƙo:
"Zazar giwa."

"Giwa a Auyo, Gwaggo?"
"Ni ma ban gan ta ba, uwata ma ba ta gani ba.
Ta yi gaba, ta bar suna a hannun ciyawa.

Shekarar da gishiri ya gagari talaka
ita muka ƙona, muka tace toka,
miya ta yi baƙi amma an sha.
In ta bushe, ɗora ƙwayarta a harshe,
za ki ji yauƙi kamar kuɓewa.

Wannan da kuka tuge ba ta san bara ba,
baɗi kuma ba da ita za a yi ba.
Iri take zubawa a tsagar laka,
ya kwana bakwai-bakwai har ruwa ya tuna da shi.
Uwar ba ta dawowa."

Zulai ta rubuta, ta goge, ta sake,
don ta manta wasali a tsakiya.

Ran Asabar tarakta za ta shiga fadama,
alkama ba ta jiran fure.
Na je da asuba, na kafa turaku biyu
a gefen kwalbati, taku huɗu kacal.
Tanimu ya ce me na binne a nan?
Na nuna masa babban yatsana,
inda ƙayar ta karye, kwana uku ke nan,
har yanzu tana zugi, ba alamar fitowa.