Gobe Zai Buɗe

Daren Laraba ne a Kayambe.
Sanyi na gangarowa daga dutsen da ƙanƙara ba ta barin kansa.
Ni da mahaifiyata, Zoila, muna kicin,
kwamfutar aro a kan tebur, kusa da kwanon dafaffiyar masara,
bokiti uku na wardi a bakin ƙofa suna shan ruwa.

Shekara ashirin da biyu ta yi a rumfunan leda
tana yanke wa wasu fure.
Da asuba a yanka, da hantsi a ɗaure,
da dare jirgi ya ɗauka daga Kito,
ya sauke a biranen da ba ta taɓa gani ba,
kowane ƙunshi da sunan kamfani a wuyansa.
Nata sunan a littafin albashi kawai yake.

Yanzu gonar bayan gida ta ba mu kunya huɗu,
ja biyu, fari ɗaya, ɗaya launin cikin gwanda.
Saura suna.

Na rubuta Sisa, fure ke nan da harshen kakata.
Akwatin ya yi ja: an riga ku.
Na rubuta Wardin Dutse. An riga ku.
Na ƙara ɗigo, na sake wutsiyar adireshin,
sai ga wani, ban san ƙasarsa ba,
ya saye sunan ya ajiye kamar fili a bakin titi,
bai shuka ba, bai gina ba,
yana jiran dala dubu biyu.
Mama ta ce, a tambaye shi ko ya taɓa cire ƙaya daga yatsa.

Ƙanena Wilmer, daga kan buhun taki,
ya ce a sa na Turanci, masu kuɗi shi suke ji.
Muka gwada ɗaya.
Mama ta faɗa sau uku, harshenta na tuntuɓe,
ta ce, sunan da ba zan iya amsawa a waya ba
ɗan wani ne, ba nawa ba.

Suna linzami ne.
Na jera sharuɗɗa a bayan rasiɗin taki:
ya zama gajere,
wanda direban bas zai ji sau ɗaya ya riƙe,
kada ya ɗaure mu da wardi kaɗai
in wata rana mun shuka wani abu.
Sha bakwai na rubuta, sha bakwai na soke.
Shayi ya huce. Kare ya gaji da haushi.

Can ta tashi duba bokitai.
Ta ɗaga kara ɗaya, kansa a dunƙule kamar hannun jariri,
ta matsa shi kaɗan da babban yatsa,
ta faɗi abin da take faɗa wa kowane mai saye
ranar kasuwa a bakin coci:
kar ki damu, gobe zai buɗe.

Abre mañana.

Wilmer ya kece da dariya:
za a ce shagon ne kullum sai gobe!
Mama ta ce, to, su dawo goben.

Na rubuta. Adireshin ya ƙi ɗaukar 'yar igiyar da ke kan harafin,
na cire ta, raina bai so ba,
kamar an cire wa tsohuwa hularta a ƙofar ofis.
Akwatin ya tsaya yana juyi,
yana juyi,
sai ya yi kore.

Dala goma sha biyu a shekara.
Ta ciro su daga gwangwanin kofi, ta ƙirga sau biyu,
ko da yake na ce da kati ake biya.

Shafin babu komai tukuna, fari fat,
sai kalmomi biyu a sama.
Ta sa tabarau, ta bi su da yatsa,
yatsan nan mai tabon ƙaya,
har gilashin ya ɗauki shatin ƙasa.

Ban goge ba.
Ƙarfe huɗu za mu tashi yanka.