Ƙarƙashin Harshe

Aikina kallon baki ne.
Shekara goma sha ɗaya a Kotka,
a ɗakin da tagarsa ke duban tashar jiragen ruwa.
Bakwai da rabi, duhu ko niyyar tashi bai yi ba,
su shigo, ƙanƙara na narkewa a kafaɗunsu,
in ɗora ƙwaya a tafin hannu,
in ce: ƙarƙashin harshe.
In jira. In ce: buɗe. Ɗaga.

Na fi sanin harsuna a kan fuskoki.
Na Raimo fari fat, kamar an goga masa alli.
Na Sirkka da tsaga a gefe.
Na Veikko kullum cikin rawa,
Veikko mai cire hula tun daga ƙofa,
wanda bai taɓa makara ba.

Maganin nan gada ce, haka muke gaya musu,
ba tsallaken ba ne, gada ce kawai.
Ta hana ƙashi sara, ta hana hanji murɗawa,
ta bar mutum ya wanke kwano, ya raka ɗa makaranta.
Don baki aka yi ta.
Jijiya ba ta da haƙori, ba ta san tofarwa ba,
duk abin da aka ba ta
sai ta kai shi har ɗaka.

Tuukka ba namu ba ne tukuna.
Sunansa na takardar jira tun kaka,
na goma sha huɗu.
Ɗan shekara ashirin da uku, mai walda a bakin teku.
Da jiran ya ishe shi sai ya saya a bayan tashar mota:
rabin ƙwaya a ledar taba,
da ɗan laushi, gefenta ya zagwanye.
Bai tambayi abin da ya jiƙa ta ba.
Wanda ruwa ya ci,
ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Dantse ne ya fara magana,
kumburi kamar ƙwan agwagwa, ya ɓoye shi a rigar sanyi.
Jijiyoyin hannu suka rufe ƙofa ɗaya bayan ɗaya,
ya gangara ƙafa.
Yatsu biyu suka yi baƙi.
Sai zazzaɓin da ya ƙi jin magani.

Likita ya nuna wa uwarsa hoton zuciyar:
wani abu na reto a bakin ƙyaurenta
kamar tsumma a jikin ƙaya.
Ya ce ƙwayoyin cutar irin na cikin baki ne.
Ta ce, baki? Bakin wa?

Ranar Litinin labarin ya iso mu, wajen shan gahawa.
Na ajiye kofina.
Bakuna arba'in nake dubawa kowace safiya.

Ranar Laraba na ce wa Veikko: kumatun ma.
Bai yi musu ba. Ya zauna, hula a gwiwa,
ya ce kuɗin haya ne.
Ya ce rabin da yake sayarwa, shi ma biya yake,
da gumi, da makyarkyata, daga la'asar har asuba.
Ya ce bai san sunan yaron ba.
Ban gaya masa ba.
Ban kuma gaya masa sau nawa na ce "shi ke nan, jeka"
idona na kan agogo.

Tuukka bai mutu ba.
An tsaga ƙirji, an sa masa ƙyauren ƙarfe.
Da bazara sunansa ya hau saman takarda,
kamar takardar ma jira take ya cancanta.

Jiya ya zo, ya miƙo hannu mai yatsu uku.
Na ce: ƙarƙashin harshe.
Muka yi shiru, mintunan da ƙwaya ke ɗauka ta narke.
A cikin shirun nake jin sa,
ƙas, ƙas, ƙas, daga cikin rigarsa.

A waje, a kan benci, Veikko na jiran layinsa,
ya riga ya cire hula.